Sunan da Zan Amsa

Talata, 4 ga Maris

Lauya ta kira ni ɗazu ina tsakiyar ɗaura gilashi a tabaran wani dattijo. Wai shekarun zamana a ƙasar nan sun cika, zan iya neman zama 'yar ƙasa. Ɗan sukurun da ke hannuna ya suɓuce ya shige ƙarƙashin teburi, na bi shi da rarrafe, waya na manne a kunne. A nan uwar ɗakina ta same ni ina dariya ni kaɗai. Agogo muke kiranta a bayan idonta, don ba ta iya gama magana ba ta duba tsintsiyar hannunta ba. Yau ko dubawa ba ta yi ba, ta rungume ni.

Dogo, maigidana, ya dawo daga tuƙin bas ɗinsa da kek. Shi ya daɗe da samun tasa takardar, yaran kuma nan aka haife su. Ni kaɗai ce baƙuwa a gidan. Ya ce daga yau zai rage yi mini kallon 'yar ci-rani. Na jefe shi da soson wanke-wanke.

Alhamis, 6 ga Maris

Na karɓo fom ɗin. Akwai wani gurbi a ciki: in kana son canza suna, ka rubuta sabon a nan, takardarka za ta fito da shi. Lauya ta ce yawanci tsallakewa ake yi.

Ni na kasa tsallakewa. Ko bayan na yi aure sunan Baba nake amsawa, ban taɓa tunanin sauke shi ba sai bara, ranar da Auta ta faɗo daga lilo a makaranta ta karye a hannu. Na isa asibiti a guje, matar da ke kan kanta ta dubi katina, ta dubi na yarinyar, ta ce suna bai zo ɗaya ba, mece ce alaƙarmu? Ina jiyo kukan Auta ta bayan labule. Sai da aka kira Dogo a waya ya shaida cewa ni na haife ta. Matar ba ta yi laifi ba, aikinta take yi. Amma har yau ban manta ba.

Na rubuta da fensir tukuna.

Asabar, 8 ga Maris

Na gaya wa Dogo. Ya shafa ƙeya, ya ce shi dai bai roƙa ba, kada gobe a ce shi ya sa ni. Amma bakinsa ya ƙi rufuwa, har yanzu yana kicin yana fito.

Babba, 'yarmu ta fari, ita ce ta tono matsalar. Sunan da suke amsawa sunan kakansu ne, surukina, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ban taɓa faɗinsa da bakina ba, nauyi yake mini. Ta ce, "To Mama, in an tambaye ki sunanki, nuni za ki yi da hannu?" Suka sa ni gaba ita da Auta wai sai na gwada. Na buɗe baki na kai rabi, kunya ta shaƙe ni, na ƙare da tari. Auta har da birgima a kan kafet.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ta ji. Ni ce na gaya mata, don ta taya ni shirya yadda zan tunkari Baba. Ashe na kai ƙara gidan alƙalin da ya riga ya yanke hukunci.

Ta ce mu biyu kaɗai ya haifa, duk mata, Inna ta rasu, abin da ya rage masa a duniya ke nan ya ji ana kiranmu da sunansa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tsani yana rubuta sunayen mutane a goshin shagunansu, shi ne 'yar cikinsa za ta goge nasa? Na ce ba gogewa zan yi ba. Ta ce to me ake kiran abin?

Yaya tana da baki, amma ba ta cika yin ƙarya da shi ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na kira Baba lokacin hutun rana, a ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen gilashi. Na yi ta kewaye-kewaye, lafiyar ƙafarsa, maganinsa, ko sabon tabaran da na aika ya zauna masa daidai. Ya ce, "Ke dai faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa. Na ba shi labarin asibiti, wanda na ɓoye masa tun bara.

Can ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai ya tambaye ni ko ana ruwa a wajenmu.

Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 28 ga Maris

Baba yana ɗaga waya, amma gaisuwa ce kawai. Lafiya lau, madalla, a gaida yara.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na ɗauko magogi zan goge fensirin. Dogo ya riƙe hannuna ya ce akwai wata hanyar. Shi zai koma amsa sunan Baba, shi da yaran, gida ya zama ɗaya, tsoho ya huta. Na ɗauka wasa yake. Ashe har ya je ya tambayo yadda ake yi, da rigarsa ta aiki, tsakanin zagayen safe da na yamma. Sai an canza lasisi, da katin aiki, da takardun makaranta, ya lissafo su duka yana wani cin magani kamar lauya.

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma hawayen suka ci gaba ba dariyar. Wannan mutumin. Shekara goma sha uku bai koyi rufe man goge baki ba, amma zai ba da sunan ubansa don kada nawa uban ya ji zafi.

Na ce a'a. Ni na ga gurbin, ni nake so. Sai da na faɗa da baki na tabbatar ashe da gaske ina so, ba don asibiti kaɗai ba. Ina son in ga sunanmu mu huɗu a jere, iri ɗaya, kamar takalmanmu a bakin ƙofa.

Na bi ta kan fensirin da biro.

Asabar, 12 ga Afrilu

An miƙa takardu. Yanzu sai karatu: tarihin ƙasa, majalisa, koguna, wa ke naɗa wa. Babba ce malamata, ba ta da tausayi ko kaɗan. In na faɗi tambaya sai ta ce, "Mama, kin ba ni kunya," da muryata sak, yadda nake yi mata. Agogo ma ta shiga ciki. In babu mai saye sai ta jefo mini tambaya daga bakin kanta, rabinsu ita ma ba ta san amsar ba, ita da aka haifi kakanninta a nan.

Yaya ta kwashe labarin Dogo ta kai wa Baba. Ta ce ya yi dariya har ya ƙware, ya ce yaron nan ba shi da hankali, Allah ya yi masa albarka. Ita ma muryarta ta ɗan sauko.

Wani abin kuma: na ji Dogo a baranda yana waya ƙasa-ƙasa, yana jero haruffa ɗaya bayan ɗaya. Da na leƙo ya ce wajen aiki ne. Bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ke tona shi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Saƙo ya iso, a naɗe cikin tsofaffin jaridu da igiya, ɗaurin Baba, wanda sai da wuƙa. Allon katako ne mai tsawon kamu biyu, shuɗi, da farin rubutu. Sabon sunana ne a kai, sunan gidan nan, da irin haruffansa masu ɗan wutsiya waɗanda zan gane ko a cikin dubu. Har yanzu yana warin fenti. Can ƙasa a kusurwar dama, ƙanana, ya sa sunansa yadda yake sawa a duk allon da ya gama.

Ashe Baba ne Dogo ke jero wa haruffa.

Na zauna a kan matakala da allon a cinya na kira Baba. Ya ɗaga yana cewa ko ya iso da rai. Na ce ya iso. Ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba, abin ya sosa ni. Na kwana biyu abinci ba ya mini daɗi. Amma na ga tun da za a rubuta, gara ni in rubuta, kada wani ya karkata miki shi."

Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce me aka yi? Sai ya koma ƙorafin fentin yanzu, wai duk ruwa ne, sai da ya yi shafi uku. Kuma hannunsa ya yi rawa a harafin ƙarshe, kada in bari baƙi su matsa kusa.

Mun yi hira har batirina ya mutu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Dogo ya kafa allon a ƙofa, a karkace. Na ɗauki hoto na aika. Baba ya ce a gaya wa direba ya tsaya a kan tuƙinsa. An cire, an sake.

Talata, 24 ga Yuni

Ranar ganawa. Ɗaki ne ƙarami, teburi, tuta, da wata shuka da ke neman ruwa. Jami'in yana sanye da tabarau da hannunsa ɗaya ya saki, yana ta zamewa kan hancinsa. Duk tambayar da ya yi, idona na kan sukurun.

Na ci tambayoyin, sai ɗaya ta koguna, wadda Babba ta yi ta gargaɗina a kai. Daga ƙarshe ya juya takarda ya ce ya ga na nemi canjin suna, in faɗa masa cikakken sunan da nake so a buga.

Na ce a raina, Baba surukina, ka yi haƙuri, yau dai sai na kira ka. Na faɗa, tiryan-tiryan, ba tari. Ya maimaita, ya murɗe shi ya zama wani abu daban. Na gyara masa. Har sau biyu na faɗa, ni.

Da zan fita na kasa daurewa, na ce ya kawo tabaran. Ɗan sukudirebana yana jaka kullum. Ya ce wannan ba zai shiga cikin maki ba. Na ce na sani, idona ne ba zai iya gani ya ƙyale ba.

Dogo na jira a waje da yaran. Tambayar farko da Auta ta yi: "Kin faɗa?" Na ce na faɗa. Ta ce in sake su ji. Na ce ofis ya tashi.

Litinin, 8 ga Satumba

Wasiƙa ta zo. Jibi rantsuwa. Na guge riga ɗaya sau biyu.

Laraba, 10 ga Satumba

Babban zaure, cike da mutane kala-kala, kowa da shigarsa ta fita kunya. Kusa da ni wata tsohuwa ce da jikanta ya turo a keke, ta riƙe hannuna tun daga farko har ƙarshe, ba mu jin yaren juna. Dogo ya ɗaga waya sama don Baba da Yaya su gani. Da tsawonsa, na bayansa sun sha wahala.

Da aka kira sunan, Auta ta riga ni miƙewa, wai ai nata ne. Mutane suka yi dariya. Na karɓo takardar, na duba haruffan ɗaya-ɗaya. Daidai suke.

A mota Yaya ta kira ni da sabon sunan, tana ja kamar mai shela, ta ce wai Hajiyar ƙasa biyu. Baba ya ce in matso da takardar kusa da waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce rubutun inji ne, ba laifi, amma ba shi da rai.

Agogo ta ba ni hutun yini guda cur, ba ta ce in dawo da wuri ba. Wannan ma abin a rubuta ne.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ba wani labari. Auta ta ɓatar da safa, injin yanka gilashi ya yi gardama da safe, an kira mai gyara.

Wajen azahar wayar shago ta yi ƙara, wata tsohuwar mai saye ce da ta daɗe ba ta zo ba. Ta ce tana neman Malama wance, ta kira sunan Baba. Na ce mata babu mai wannan sunan a nan, ko ta yi kuskuren lamba. Har na kusa ajiyewa.

Sai na ce, a'a, tsaya, ni ce.

Muka yi dariya, na rubuta mata ranar zuwa. Gajiya ce kawai, tun safe ban zauna ba. Ban gaya wa Dogo ba, ba abin faɗa ba ne.

Da na tashi ban hau bas ba, na taka da ƙafa, na kira Baba a hanya. Ya ce lafiya dai, ai jiya muka yi magana. Na ce lafiya lau, so nake ya ba ni labarin allon farko da ya taɓa rubutawa. Ya ce ai na sha ji. Na ce ya sake.