Ranar Da Baba Ya Faɗa Da Bakinsa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Mama da ke ɗan damunta, amma ba ta hana ta faɗa ba.

Yaya, albishirinka. An fara yi wa Auta magani a gidan yari, yau wata huɗu ke nan, na ƙi rubuto maka ne sai na gani da idona. Ka san yadda ya shiga, ƙwaya ta cinye shi, ba barci, yana magana shi kaɗai. Ashe tun bara gwamnati ta sa fursunoni cikin inshorar lafiya, har da ganin likitan ƙwaƙwalwa da maganin daina shaye-shaye. Amma sunan Auta ba ya cikin masu ganin likita, kuma laifina ne. Ranar da aka kai shi an ba ni takarda in cike, ana tambayar ko yana da taɓin hankali ko yana shan wani abu. Ni sarkin wayo na rubuta babu, wai kada sunan gidanmu ya ɓaci. Shi ma da aka tambaye shi ya ce babu, ai ɗan gidan ne. Don haka duk sanda ya birkice sai a ɗauka taurin kai ne, a kulle shi shi kaɗai.

Wata nas ta asibitin gidan ce ta tare ni a wurin ziyara. Ta ce takardar nan ta ɗaure mata hannu, sai wani na gida ya zo gaban likita ya faɗi gaskiyar yadda abin ya fara. Na ce zan yi, ta ce gara wanda ya zauna gida ɗaya da shi. Ka san ko wa ke nan: Baba, da ya shekara biyu yana gaya wa masu kawo ɗinki shagonsa cewa Auta ya tafi koyon sana'a.

Da na gaya wa Baba, kwana uku bai kula ni ba. Ranar da likitan zai zo sai na same shi a ƙofar gida ya shirya, yana min faɗan na makara. Ɗakin ganin likitan ƙarami ne, tebur ɗaya da fanka mai ƙara, masu jira suna kan benci a bakin ƙofa. Likita ya tashi zai rufe ƙofar, Baba ya ce a bar ta. Ya faɗi komai, kwalaben maganin tarin da ya tsinta a bayan keken ɗinki, ranar da ya doke shi, ranar da ya kore shi. Ya ce ɗansa ba shi da lafiya, kuma shi ya ɓoye. Na yi kuka, Yaya, ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba. A take aka rubuta sunan Auta.

Jiya na je wurin Auta. Ya yi kumatu, hannunsa ya daina rawa, yana barci, har ya samu bakin ce min na tsufa. Duk Talata suna zama da sauran masu jinya su yi magana. Nas ta ce da sauran tafiya, kada mu saki jiki, amma idan ya fito nan da wata biyar katinsa na inshora zai biyo shi, har an ba shi ranar ganin likita a asibitin waje.

Mama, Gwaggo da Kawu suna gaishe ku. Ka gaishe min da Anti da 'yan biyuna. Auta ya tambaye ni kai sau biyu. Ban san abin da kake gaya wa yaranka game da shi ba, ban kuma tambaya ba. Na dai rubuta maka adireshin gidan yarin a bayan takardar nan. Auta ya ce yanzu hankalinsa yana tsayawa ya karanta wasiƙa har ƙarshe.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.