Muryar Matar da ke Bakin Ƙofa

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Editanmu ya ɗora mini sharhin tsohon fim ɗinki, wanda aka gyara za a sake nunawa. Bai san ke yayar Ummata ce ba, ni ma ban faɗa ba.

Na fara da karanta littafin da aka ciro fim ɗin, wanda aka taɓa hana sayarwa saboda matar ciki ta bar mijinta da ɗanta ta tafi. Kin san har yau Umma ba ta yarda a ambaci fim ɗin a gidanmu, kuma tun kafin a haife ni ba ta taka gidanki ba. Jiya na kalle shi a ƙaramin ɗakin ofis, har na yi kuka. Amma wurin da kika tsaya a bakin ƙofa da akwati kika ce wa yaron, "Rufe taga, sanyi zai kama ka," sai na kasa kunne. Inna, muryarki kauri gare ta. Ta cikin fim ɗin kuwa da ita aka rene ni. Ta wace ce?

'Yarki, Auta

Auta,

Ina amsawa. Ƙafa tana nan tana mulkinta. Wannan kunne naki kuwa sai ya ja mana magana.

A lokacinmu na'urar ɗaukar hoto ƙara take kamar injin niƙa, don haka sai an gama ake shiga wani ɗaki da aka jera katifu a bango a ɗora murya. Da na buɗe baki, darakta ya riƙe kai. Uwarki ta rako ni ne kawai, tana riƙe mini jaka, amma ta haddace komai don ita ke yi mini bita. Aka miƙa mata makirufo. Ba a sa sunanta ba.

Da fim ya fito, mutane suka kasa raba ni da matar littafin. An tofa mini yawu a kasuwa, mai neman aurena ya gudu. Fuska ake ganewa, ba murya ba. Auren uwarki ya kusa, ni na ce ta yi shiru. Da farko tsoro ya hana ta zuwa wurina, daga baya kunya. Ban riƙe ta ba, kewarta kawai nake yi.

Ki yabi fim ko ki kushe shi, aikinki ne. Amma sunanta nata ne, kada ki taɓa shi.

Allah ya yi miki albarka,
Innarki

Inna,

Barka da hutawa. Na gama sharhin. Na ce fim ɗin ya fi littafin tausayi, amma ƙarshensa ya yi gaggawa. Na ce rabinsa fuskarki ce, rabinsa wata murya da ba a rubuta sunan mai ita ba, muryar da ta yi rawa da gwaninta a bakin ƙofa.

Na karanta wa Umma tana guga. Ba ta ɗago ba, sai da muka ji ƙaurin rigar Baba. Ta ce, "Sake karanta mini wurin ƙofar." Na sake. Ta kashe dutsen guga ta shige ɗaki. Ina tsoron na ɓata abin da ya rage tsakaninku.

Ki huta lafiya,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata.

Yarinyar nan ta yi kuskure a sharhinta. Ba gwaninta ba ce. Ina kallon fuskarki a allo kina fita da akwati, sai na ji kamar ni kike bari, muryata ta yi rawa. Ashe ni ce zan bar ki.

Na ce ta gyara, ta sa sunana kusa da naki. Ranar nunawa ki ajiye mini kujera a gefenki.

Ƙanwarki