Sunan Malam a Bakina

Asabar, 8 ga Maris, 1997, Omdurman
Karima jikata ta kawo mini wannan littafin, wai in daina damunta da surutu, in dami takarda. To takarda, sannu da zuwa, ke kam ba ki da jami'ar da za ki gudu.

Zancen dai guda ne, fanshon Malam. Tun da ya rasu bara aka tsayar, wai sai an mayar da shi da sunana. Na gama takaba, shiru. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana yi wa gwamnati aikin kafinta! Da kuɗin muke biyan hayar gidan nan. Mai gidan ya ce zai jira zuwa faɗuwar damina, Allah ya saka masa da alheri. Autana Muhajir kuwa ya ce in ba a biya ba kafin nan, in kwashe in koma wurinsa a Alhilla Kuku. Ɗakin mai kyau ne, ban kushe ba. Amma ƙofar gidan nan Malam ya sassaƙa ta, lemon tsamin tsakar gida shi ya dasa. Ina zan cusa su a cikin bas?

Talata, 18 ga Maris
Muhajir ya sake zuwa ofishin fansho. Wai ya dawo gobe. Gobensu har ta yi jikoki.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Na ɗaura tob, laffayar matan nan, na tafi da kaina. Daga tashar Shuhada na hau bas, muka haye gada, yaron mota yana ta kaɗa mini yatsu kamar ni ce zan gudu da kuɗinsa. Na isa Khartum na tarar an tashi ofishin zuwa wani gini, ko takarda ba su liƙa a ƙofa ba. Wata mai shayi, Sittana, ta zaunar da ni gindin darbejiya, ta ba ni shayi da na'ana'a, ta ƙi karɓar kuɗi, ta raka ni har bakin sabon wurin.

Can na samu wata yarinya ma'aikaciya, Ni'mat, mai wushirya. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito da ƙura har gira. Ashe tun azumi fayil ɗin, ni yake jira! Aurenmu ba shi da takarda, a zaure aka ɗaura shi da goro, don haka dole in zo da kaina da shaidu biyu in yi rantsuwa gaban mudir, shugaban ofis. Na ce, 'yata, wa kuka gaya wa? Ta ce ai an yi sanarwa a rediyo. Rediyonmu tun da Malam ya tafi ba wanda ya sa masa batir. Muhajir kuma duk watannin nan tagar masu biya yake zuwa, su kuwa abu biyu suka sani: akwai, babu.

Asabar, 19 ga Afrilu
Sallah. Awadiyya maƙwabciyata ta aiko da cinya guda. Na ce wa ɗan aiken ya gaya mata ragonta ramamme ne, na cinye don kada ya ji kunya.

Laraba, 7 ga Mayu
Yau na yi abin da zan yi.

Mun je da Liman Salih da Dogo, abokin aikin Malam, wanda kunnensa ya yi ritaya kafin shi. Mudir yaro ne da gashin baki kamar an zana da gawayi. Ya ce in ɗora hannu a kan Alƙur'ani, in faɗi sunana, in faɗi cikakken sunan mijina.

Sunana ya fita sumul. Sai na tsaya.

Ni tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunan nan ba. Uwata ba ta kama na ubana ba. Duk yaron unguwa mai sunan, "mai sunan Malam" nake ce masa. Ko mala'ikan da suke suna ɗaya, "mai kawo wahayi" nake cewa. Ga kuma na surukina a jere bayansa!

Na ce, "Malam." Ya ce, "Malam wa?" Na ce, "Baban Muhajir." Ya ce, "Ya Hajja, ba ki san sunan mijinki ba?" Na ce na san shi tun kafin a yi wa uwarka kitson fari. Liman ya buɗe baki zai faɗa, mudir ya ɗaga hannu: daga bakinta. Dogo yana ta tambaya, "Ta faɗa? Ta faɗa?" Mudir ya rufe fayil, ya ce an sha kawo musu matan aro.

Matar aro. Ni.

Alhamis, 8 ga Mayu
Muhajir ya zo ransa a ɓace. "Inna, kalma huɗu ce fa!" Ya auna gadona da igiya, wai ya ga ko zai shiga ɗakin Kuku. Na zuba masa kisra, gurasar dawa ta nan, da miyar kuɓewa, ya ci ya ƙara. Yaron kirki ne, kansa ne irin na ubansa, katako.

Litinin, 19 ga Mayu
Karima ta ce mu yi gwaji. Ta sa tabarau ta zama mudir: "Habboba, ism zaujik?" wato Kaka, sunan mijinki? Na ce sunansa Mijin-da-kika-rasa. Ta ce wallahi kakanta ya yi haƙuri da ni. Bayan ta fita na gwada wa akuyar Awadiyya ta kan katanga. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Akuyar ma ta juya mini baya.

Lahadi, 1 ga Yuni
Ba labari. An ce mudir ya tafi hutu, an ce an canza shi, an ce yana nan. Iska mai ƙura ta taso da la'asar. Damina tana hanya.

Juma'a, 20 ga Yuni
Ina shara bayan sallar Juma'a sai sallama. Ni'mat! Ranar hutunta, cikin wannan rana, tana bin unguwa tana tambayar gidan kafinta mai lemon tsami. Ta ce ta gaya wa mudir ita ma kakarta har ta mutu "ya zol" take ce wa mijinta, wato kai mutumin nan. Ya yarda ni ba ta aro ba ce, amma doka ba ta san kunya ba, sai na faɗa. An sa ranar Talata. Ta ce, "Na san in na jira a aiko miki, sai baɗi." Na dafa mata gahawa, na cika mata jaka da lemo. Allah ya ba ta miji mai gajeren suna.

Talata, 24 ga Yuni
Muka koma. Na roƙi mudir abu ɗaya, ya bar ni in juya wa mazan baya. Ya ɗaga kafaɗa. Na fuskanci ƙofa, Ni'mat ta riƙe mini hannu. Na ce a raina, Malam, ka yafe, gidanka nake tsarewa.

Na faɗa. Can ƙasa.

Dogo ya ce, "Ni shaida ne, ban ji ba!" Tsohon banza. Sai na ɗaga murya, yadda ake kiran mutum daga ƙofar gida abinci ya sauka. Duka huɗun.

Aka buga hatimi. Liman yana alhamdulillahi, ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙofar. Sai da Ni'mat ta taɓa ni na gane jira nake a amsa.

A bas na ce wa Dogo ƙura ce ta shiga mini ido. Wannan karon ya ji sarai.

Alhamis, 10 ga Yuli
Fansho ya fito, har da na baya! Ba su aiko ba, Sittana ce ta ji a bakin masu shan shayi ta gaya wa Karima. Na sallami mai gida. Na aika wa Sittana sukari. Muhajir ya zo da igiyarsa, na ce ya shanya mini kaya da ita. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa wa rediyo batir.

Juma'a, 11 ga Yuli
Ruwan farko da hantsi. Ƙofar ta kumbura kamar kowace shekara, tana ƙin rufuwa. Na tura, na tura, na ji bakina yana cewa, "Jibrin, dubi aikinka!"

Ba kowa a gidan. Ba wai zan saba ba ne.

Na rubuta ne kawai in ga yadda yake a takarda. Ba laifi. Jibrin.