Garin da Baba ya bayar

Magariya, daren Laraba, bayan girbi

Na taso daga lakwal, wato makarantar boko, a gajiye, na tarar ana gardama a ƙofar gidanmu: wa ya fi iya kacici-kacici, Baba a zamaninsa ko Hadiza mai ƙosai a yau? Tsofaffi suka rantse tun kafin zuwan Nasara Baba bai taɓa kasa amsa ba, balle ya ce "na ba ka gari."

Aka haɗa su. Hadiza ta jefa mai sauƙi don girmamawa: "Shanunmu dubu, madaurinsu ɗaya."

Baba ya yi ta laluben amsar, ta ɓace masa. Tsintsiya fa! Ga ta ma jingine a bayansa. Kamar in nutse.

Can ya ce, "Na ba ki Dungas." Mahaifarsa ke nan.

Ta durƙusa. "Baba, ba ni karɓa. A bakinka uwata ta koya."

Ya ce, "Karɓi, 'yata. Shekara hamsin ina cin garuruwan mutane, ban san haka suke ji ba."

Ya ci tuwonsa sarai. Ni ne na kasa cin nawa.