Rabin Awar da Ba Mu Ci Abinci Ba

Zuwa ga Alhaji Ɗanlami, mai kamfanin ɗaure kaya da ke bayan Wendover Avenue, Greensboro.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, ni ne Habibu Sa'adu, wanda kuke kira Malam Habibu a sito, ma'aikacinka shekara huɗu ke nan. Ka san gidana, ka san lambar wayata, don haka za ka yi mamakin ganin wasiƙata a zauren waya na jama'armu maimakon a hannunka. Dalilin shi ne a nan ka fara kawo maganar. A nan ka rubuta cewa akwai butulu a cikinmu, kuma babu wanda bai gane wadda kake nufi ba. Tunda a gaban jama'a aka yi ɓarin, a gabansu za a kwashe.

Kafin in ce komai, bari in faɗi alherinka, kada wani ya riga ni. Ranar da na sauka garin nan da jaka ɗaya da takardar shaidar koyarwa wadda ba ta sayen ko burodi a Amurka, kai ka ba ni ɗaki wata biyu a gidanka, kai ka kai ni jarrabawar tuƙi, kai ka ba ni aiki. Ban manta ba. Wannan alherin ne ma ya ɗaure mini baki shekara uku, har ya kai ni ga aikata abin da nake jin kunyarsa yau.

Ga waɗanda ba su san tushen maganar ba: wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Ba'amurkiya, ta shigar da ƙara a madadin duk ma'aikata, tana cewa ana yanke mana kuɗin lokacin da muka yi aiki. Kotu ta sa aka aiko wa kowannenmu takarda ta gidan waya, mai son shiga ƙarar ya sa hannu ya mayar. Mu goma sha ɗaya ne Hausawa a wurin. Mutum ɗaya ce ta mayar da tata, Malama Zulai, wadda teburinta ke kusa da nawa.

Na farko, maganar rabin awa.

Muna shiga aiki ƙarfe takwas, mu tashi huɗu da rabi, kwana biyar a mako. Na'urar buga katin shiga da tashi daga aiki tana cire rabin awa kowace rana da kanta, da sunan hutun cin abinci, ko ka huta ko ba ka huta ba. Idan an cire, lissafi ya tsaya cif a kan awa arba'in. Kai da ni mun san abin da ya sa awa arba'in take da daraja: dokar ƙasar nan ta ce duk abin da ya haura ta, a biya shi ninki ɗaya da rabi, abin da muke kira obataim. Wanda ya tsara mana lokacin nan ya iya lissafi, Allah ya ƙara masa basira.

A sauran watanni ba ni da babban ƙorafi, ban da ranakun da tirela takan iso da tsakar rana, ka leƙo ɗakin cin abinci ka ce 'yan uwa a taimaka, mu ajiye cokali mu tashi, Amurkawa kuwa su ci gaba da tauna abinsu. Lokacin muna ganin rashin kunyarsu. Yanzu na gane su ne suka san inda suke.

Watan azumi ne maganata. Me mai azumi zai je yi a ɗakin da ake ɗumama kaza da cuku? Sai mu tsaya a kan teburanmu, muna naɗe kwalaye muna liƙewa, saboda aiki yana rage tsawon yini. Ka sha wucewa ta bayanmu ƙarfe goma sha biyu da rabi kana mana sannu da ibada. Har ka taɓa cewa, kana dariya, watan azumi ya fi kowane wata albarka a siton nan, kaya ba sa kwana. Gaskiya ka faɗa. Albarkar ce dai ba ta biyo ta takardar albashinmu ba.

Ga lissafina, ni kaɗai. Ana biya na dala goma sha biyar a awa. Rabin awa sau biyar ya zama awa biyu da rabi a mako, dukansu a saman arba'in, wato dala hamsin da shida da 'yan canji. A mako huɗu, dala ɗari biyu da ashirin da biyar. Azumi uku na yi haka, ya kama ɗari shida da saba'in da biyar. Na san kuɗin bai kai na tayoyin motarka ba. A wurina kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanena ne a Gusau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne goron Sallah. Kowace shekara kana ba mu ambulan mai dala hamsin da ƙaramin buhun shinkafa, mu karɓa da hannu biyu, ni kuma a matsayina na wanda ke ba da sallar Azahar a lungun sito, in ɗaga hannu in yi maka addu'a, jama'a su ce amin. Ashe guminmu ne aka yanko mana kaɗan daga ciki, muka yi godiya har da rusunawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ga kuma addu'a kyauta.

Na biyu, walimar McLeansville. Wannan laifina ne kafin ya zama naka, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Mako biyu bayan zuwan takardun kotu, ka gayyace mu gidanka na McLeansville ranar Lahadi, mu goma, ban da Zulai. Ka ce zumunci ne. Hajiya ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, an gasa rago a bayan gida, mun ci har muka kwance bel. Sai da aka kawo shayi sannan wata mota ta tsaya a ƙofa, lauyan kamfani ya fito da jaka. Ka ce ɗan bayani ne kawai za mu sa wa hannu, don a nuna wa alƙali cewa mu ba mu da matsala da kai. Shi lauyan, tsakani da Allah, ya faɗa da bakinsa cewa ba dole ba ne. Bai san cewa dolen tana cikinmu ba, mun riga mun haɗiye ta da miyar taushe. In baki ya ci, ido ya ji kunya, kuma ka san haka tun kafin ka sa a yanka ragon.

Ni aka miƙa wa takardar in fassara, tunda ni ne tsohon malamin Turanci. Na karanta ta tsaf, ba zan ɓuya a bayan rashin sani ba. Layi na huɗu ya ce, a kowace ranar aiki, ba tare da togiya ba, na ɗauki cikakken hutuna na rabin awa na cin abinci, kuma ban taɓa yin aiki a cikinsa ba. A ƙasa an rubuta cewa mai sa hannu ya yi rantsuwa gaskiya ya faɗa. Na ɗago kai na gan ka kana zuba mini shayi da hannunka. Sai na juya na ce wa 'yan uwa, takardar tana cewa ne Alhaji yana ba mu hutu. Na sa hannu. Su tara suka biyo ni, ba wanda ya tambayi komai, domin Malam ya karanta.

Na uku, Malama Zulai.

Mace ce mai 'ya'ya biyu, mijinta ya rasu a nan, tana haya a East Greensboro. Tunda sunanta ya bayyana a ƙarar, kwanakin aikinta suka koma uku daga biyar. Manaja ya ce kaya ne suka ragu, amma a makon aka ɗauki sababbin mutum biyu. Lauyanka ya fi ni sanin abin da doka ta ce game da ramuwar gayya a kan ma'aikacin da ya kai ƙara, ka tambaye shi, ai kana biyansa. Abin da lauya ba zai gaya maka ba shi ne, an yi suna biyu a garin nan ba a gaya mata ba, kuma matan da ke sayen dambun namanta sun daina kiranta.

Takardunmu goma su ne aka kai kotu don a nuna ƙarya take yi. Lauyoyinka suka rubuta cewa ga mutum goma masu addini ɗaya da ita, masu aiki a layi ɗaya da ita, duk sun rantse suna hutawa, saboda haka ba damuwar kowa ba ce, kada a bar ƙarar ta zama ta jama'a. Lauyan ma'aikata ya nuna mata su. Washegari ta zo da kwafin tawa, ta ajiye a kan kwalin da nake naɗewa, ta sa yatsa a layi na huɗu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ashe kana cin abincin rana a watan azumi? Ni da nake bin ka salla ban sani ba."

Ta koma teburinta. Na yi shekara ashirin a gaban allo, na sha zagin iyayen yara da na masu duba makarantu, ba a taɓa yi mini maganar da ta shige ni kamar wannan ba. Tun ranar ban sake shiga gaba a sallar Azahar ba. Da aka tambaye ni, na ce maƙogwarona ne ke ciwo. Ka ga ƙarya ta soma haihuwa.

Na huɗu, abin da na yi, don kada ka ji a bakin wani.

Ranar Litinin da ta wuce na je ofishin lauyan ma'aikata, na gaya masa yadda aka yi, daga rago har shayi. Na rubuta sabon bayani cewa na farkon ba gaskiya ba ne, kuma ni na karkatar da fassarar. Ya gargaɗe ni cewa lauyoyinka za su tsayar da ni su tambaye ni wace rantsuwar ce ta ƙarya, ta farko ko ta biyu, kuma abin zai iya jawo mini matsala. Na ce na ji. Na kuma sa hannu a takardar shiga ƙarar, kwana shida kafin wa'adinta ya cika. Na san ƙila kwanakina su koma uku kamar na Zulai, ko su koma babu. Matata ta yi kuka, ta ce da wane ido za ta kalli Hajiya.

'Yan uwana tara da kuka sa hannu a bayana, ku yafe mini. Abin da takardar ta ce ke nan, na faɗa muku yanzu da Hausar da ya kamata in faɗa a McLeansville. Ban ce kowa ya bi ni ba, an bi ni sau ɗaya an ga inda na kai mutane. Kowa ya nemi wanda zai karanta masa, ya yi shawara da zuciyarsa.

Ga roƙona gare ka, Alhaji.

Ka mayar wa Malama Zulai kwanakinta biyar, kuma ka goge kalmar butulu a zauren nan da hannunka, kamar yadda ka rubuta ta. Ka umarci lauyoyinka su janye takardun nan goma. Kare kanka a kotu haƙƙinka ne, ban hana ka ba, amma ba da rantsuwar mutanen da suka ci tuwonka ba. Ka sa a gyara na'urar ta daina cire abin da ba a huta ba, ko ka ce kowa ya bar teburinsa ƙarfe goma sha biyu da rabi, mai azumi ya je ya zauna a mota. Sannan ka lissafa wa kowa haƙƙinsa ka biya shi a takardar albashi, da sunansa na gaskiya, ba a cikin ambulan ba. Kuɗin da ka ba lauyoyi zuwa yau, ina zato da ya biya mu duka har da canji. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saura abu ɗaya. An karanta mini amsar da kamfani ya ba kotu, inda aka ce hukumar kamfanin ba ta da masaniyar cewa wani ma'aikaci yana aiki a lokacin hutunsa. Hukumar kamfanin kai ne, Alhaji. Kai ne kake zagayawa ranar ɗaya ga azumi, da tsakar rana, lokacin da ɗakin cin abinci ya cika da Amurkawa, kana ajiye wa kowannenmu kwalin dabino a kan teburin aikinsa, kana cewa a sa ka a addu'a lokacin buɗa-baki. A kan aiki kake samun mu, shi ya sa ba ka taɓa kai dabinon ɗakin cin abinci ba. An ce mini akwai ranar da kai ma za a zaunar da kai, ka ɗaga hannu ka rantse, a tambaye ka ko ka sani. Ni na riga ka ɗanɗana rantsuwar ƙarya, kuma ina gaya maka a matsayin wanda ya kwana wata biyu a gidanka, ba ta haɗiyuwa.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya yi wa dukiyarka albarka, ya tsarkake ta daga haƙƙin mutane tun kana da ikon mayarwa. Allah ya yafe mini, ya ba Malama Zulai haƙurin yafe mini.

Kwalin dabinon bara yana nan a gidana, ina ajiye allura da zare a ciki. Lauyan ma'aikata ya ce in zo da shi, shaida ne.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
Habibu Sa'adu,
Greensboro.