Jami'a ta karɓi Umma, ta bar Yaya

Zuwa ga Gwaggo Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya su Kawu da yara? Mu nan unguwar Ainu Shams lafiya lau.

Gwaggo, ga abin da ya faru. Jami'a ta karɓi Umma da takardar jarrabawar nan ta masu karatu a gida. Yaya Hauwa kuwa, da ta yi sakandare cikakkiya a Katsina, an ce sai an tantance tata tunda ba ta ƙasar nan ba ce, ta jira baɗi. Ita ce fa ke kiran takardar Umma "takardar kicin". Jiya Umma ta tafi lacca, Yaya ta yi girki. Na kasa haɗa ido da ita.

Ki sa ta a addu'a. A gaida Kaka.

'Yarki,
Maryam