Akwatin Maiwada

Nasarawan Doya, ƙasar Makarfi,
Watan Janairu, 1956.

Zuwa ga yayana Abdulsalami, a zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Madina da yara, ya kuma sa albarka a cinikin goro. Mu nan alhamdu lillahi. An shiga matsar rake, dokinmu na zagaya inji daga safe har la'asar, mazarƙwaila kuwa bana ta yi kyau, har daga Kano ake zuwa saye. Matata Luba ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Jamila. Ƙafar Kawu Sambo ta yi sauƙi, bakinsa ne dai har yanzu bai yi sauƙi ba.

Yaya, ina zaton takardar da na aiko maka da kaka ta isa, wadda na sanar da kai rasuwar ƙanenmu Maiwada a Kafanchan. Abin da ya biyo baya ne ya sa na sake ɗaukar alƙalami, don ya fi ƙarfina ni kaɗai. Ka san tun da ya shiga aikin jirgin ƙasa ya bi 'yan Katolika, su ne kuma suka binne shi, mu ko gawarsa ba mu gani ba. Bayan 'yan makonni wani abokin aikinsa ya kawo mana akwatinsa na katako. Da aka buɗe a gaban Inna, riguna biyu ne a ciki da casbi mai gicciye, sauran duk takardu ne: mujallun ibadarsu masu hotuna, da ƙananan littattafan addu'a da gefensu ya yi baƙi don yawan buɗewa. Duk da Turanci suke. Ni kuwa bokona na Yaƙi da Jahilci ne, in aka fita daga Hausa da ni da dokinmu duk ɗaya muke.

Liman ya zo ya yi mana bayani, da taushin murya kuwa, don shi ya yanka ragon sunan Maiwada. Ya ce ba gado tsakaninmu da shi, ba kuma za a yi masa sadakar arba'in ba. Alhali Inna ta riga ta jiƙa geron gumba. Sai ta ɗauki ƙwaryar ta juye wa awaki. Kawu Sambo ya ce a ƙona takardun kowa ya huta. Na kai su fili a bayan gidanmu har na ƙyasta ashana, sai na fasa. Mu da in muka ga guntuwar takarda a ƙasa muke ɗauka mu soke a jikin katanga, don kada a taka sunan Allah, yaya zan cinna wa akwati guda wuta ban san abin da ke ciki ba? Na tambayi Liman ko akwai sunan Allah a ciki, ya ce shi ma bai iya karantawa ba, ba zai kuma ɗauki alhakin ba. Ka ga abin ya zama ba a ƙonawa, ba a zubarwa, ba a gada. Akwatin ya koma ƙarƙashin gadon Inna.

Daga nan ne Inna ta fara cewa Maiwada na zuwa. Wai da hantsi yake zuwa, in kowa ya fita gida ya yi shiru. Ba ya sallama, ba ya dubanta, sai ya jawo akwatin ya zauna yana buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman wani abu. Na ɗauka tsufa ne da baƙin ciki, har na yi mata wasa na ce in ya dawo ta turo shi wajen matsa, muna neman hannu. Ba ta yi dariya ba. Ran nan na dawo ɗaukar igiya, Inna na bakin rijiya ina hango ta, sai na ji ƙarar takarda a ɗakinta, a hankali, irin ta mai karatu. Na leƙa ba kowa, akwatin na rufe, amma ɗakin na warin hayaƙin gawayin jirgi, ka san kuwa ba jirgin da ke bi ta garinmu. Yaya, ba zan ɓoye maka ba, na ji tsoro ƙwarai, na fita ko igiyar ban ɗauka ba.

Inna ta daina cin abinci sai da faɗa, ta rame har awarwaronta na zamewa. In Luba ta matsa mata sai ta ce yaya za ta ci, ɗanta na can ba wanda ya aika masa ko loma ɗaya. Kowane mamaci a garin nan an yi masa sadaka, nata ne kaɗai ke yawo hannu wofi. Ana cikin haka gara ta kama gindin akwatin. Ranar da Inna ta ga garar ta ci gefen wani littafi, kukan da ta yi ya fi na ranar da labarin mutuwar ya zo. Na tabbata in aka ci gaba a haka, damina ba za ta same ta ba.

Akwai wani mutum, Jatau, daga cikin Maguzawan wajen Kurmin Kogi, mai kawo mana rake. Unguwarsu sun bi Katolika, suna da ɗakin ibada na ciyawa, shi ne mai jan su addu'a, Fada, babban limaminsu, kuwa sai jefi-jefi yake zuwa musu daga Zariya a kan babur. Na nuna masa mujalla ɗaya, ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya ce duk unguwarsu littafi ɗaya suke da shi, ga 'ya'yansu sun fara Turanci a makarantar mishan ba abin karantawa. Na ce ya ɗauki akwatin duka a kan jakinsa. Inna da ke jinmu ta bayan dangar zana ta ce a'a. Ta ce ba kaya ba ne da za a kwashe, sadaka ce, sadaka kuwa hannu da hannu ake ba da ita, da kanta za ta je. Kawu Sambo ya yi tsalle ya dire, ya ce za mu zama abin nuni a Makarfi. Na je wa Liman da maganar, sai ya ce shi kunnensa ya yi nauyi, bai ji abin da na ce ba.

Ranar Lahadi na aza Inna a kan jaki, ni na ɗauki akwatin a ka. Ta ƙi matsawa kusa da ɗakin ibadarsu, ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya ta jira. Da suka fito Jatau ya jera su, manya da yara, ta riƙa ɗaukowa ɗaya-ɗaya tana sa wa kowa a hannu yadda ake rabon gumba, ba ta kuma sakin takardar sai mutum ya ce Allah ya kai lada kabari. Wata tsohuwa ta samu mai hoton Maryama rungume da jariri, ta kifa ta a ƙirji. Har casbin ta bayar. Da akwatin ya ƙare suka durƙusa nan a ƙasa, suka yi wa Maiwada addu'a da Hausa, suna kiran sunansa, suka rera wata waƙa mai sanyi. Inna ba ta ɗaga hannu ba, amma na ga leɓenta na motsi. Ban tambaye ta abin da ta ce ba, kai ma kada ka tambaya.

Tun daga ranar tana cin tuwonta, jikinta ya fara dawowa, na yi murna na ce magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba. Maiwada bai sake zuwa ba, ba ƙarar takarda, ba warin hayaƙi. Yanzu kullum da hantsi sai ta share ɗaki ta zauna a bakin ƙofa, ta hana kowa yin motsi, har rana ta take. Ta aike ni wurin Jatau in aro mata littafi ɗaya, ya ba ni ba musu, ta mayar da shi cikin akwatin ta tura ƙarƙashin gado, shiru. Shekaranjiya na same ta zaune a wurin, ta dube ni ta ce, "Halliru, ashe da hannuna na sallame shi." 

Ka gai da Madina da kyau, da Uwaisu da Hussaina, ka ce musu baffansu na ajiye musu mazarƙwaila. Luba na gaishe ku, Kawu Sambo ma haka, da Liman da dukan mutanen unguwa. Da na ce wa Inna zan rubuta maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Na so in gyara shi kafin in sa a takarda, amma ta sa na yi alkawarin rubuta shi yadda ta faɗa, ga shi: "Ka ce wa Abdulsalami, Maiwada yana kabari ma ya zo ya gan ni. Shi da yake da rai, me ya tare shi?"

Ni ne ƙanenka mai jiran ganinka kafin ruwa ya sauka,
Halliru.